Zunubi Bayan Baftisma: Muhawarar Kiristocin Arewacin Afirka daga Tartuliyan zuwa Agustin

Gabatarwa

Tun zamanin manzanni, baftisma ita ce ƙofar shiga addinin Kirista. Kalmar ta samo asali daga harshen Girka, inda take nufin tsoma abu cikin ruwa, kuma Kiristocin farko sun yi ittifaƙi a kan cewa tana wanke dukkan zunubin da mutum ya aikata kafin ranar da aka yi masa ita. Inda gizo ke saƙar shi ne abin da ke biyo baya. Mutumin da aka wanke jiya, yau ya yi ƙarya, gobe ya yi zina, jibi tsoro ya sa ya ƙaryata bangaskiyarsa. Mene ne matsayinsa? Wankan ne bai kama shi ba, ko kuwa akwai wani abu a cikinsa da ruwan bai kai gare shi ba?

Babu inda aka kai ruwa rana a kan wannan tambaya kamar Arewacin Afirka, wato ƙasashen Tunisiya da Aljeriya na yanzu, tsakanin shekarar 200 da ta 430 Miladiyya. Cikin wannan tsakani, amsar ta yi ta sauya wa zunubi mazauni. Da fari an ɗauka yana can wajen ikilisiya, daga baya aka yarda yana cikin jama'arta, a ƙarshe aka ce yana cikin zuciyar kowane mai bi.

Jinkirta wanka

Tartuliyan, mutumin birnin Kartaj kusa da Tunis ta yau, yana cikin waɗanda suka fara rubuta ilimin addinin Kirista da harshen Latin. A wajajen shekarar 200 ya rubuta littafi a kan baftisma, inda ya ba da shawarar kada a yi gaggawar yi wa ƙananan yara, har ma da samari da 'yanmatan da ba su yi aure ba. Hujjarsa ita ce baftisma sau ɗaya ake yin ta, don haka ganganci ne a ɗora nauyinta a kan wanda bai wuce shekarun jarraba ba. Ya amince da cewa wanda ya faɗa cikin babban zunubi bayan baftisma yana da damar tuba a bainar jama'a, amma sau ɗaya tak. Da ra'ayinsa ya ƙara tsauri a ƙarshen rayuwarsa, sai ya ce ikilisiya ba ta da hurumin yafe wa mazinaci.

Wannan fahimta ta haifar da wata al'ada da ta daɗe. Mutane da yawa sun riƙa zama a matsayin masu koyon bangaskiya tsawon shekaru, suna jiran tsufa ko ciwon ajali kafin su nemi wankan, domin su mutu da shi fes. Sarki Kustantin, wanda ya ba Kiristoci 'yancin ibada a Daular Rum, sai da ya kwanta ciwon ajali a shekarar 337 aka yi masa baftisma.

Waɗanda suka ja da baya

A shekarar 250 Sarki Deshiyus ya umarci duk mazauna daular su miƙa hadaya ga allolin Rum, kowa kuma ya karɓi takardar shaida. An tono irin waɗannan takardu a Masar. A Kartaj, Kiristoci masu ɗimbin yawa sun miƙa hadayar, wasu kuma suka ba ma'aikata toshiyar baki suka karɓi takarda ba tare da sun yi ba. Bishop ɗin birnin, Sifiriyan, ya ɓuya yana tafiyar da al'amura ta hanyar wasiƙu. Da ƙura ta lafa, sai ga taron jama'a a bakin ƙofa suna neman a mayar da su.

Nan fa ra'ayi ya rabu. A Rum, wani malami mai suna Nobatiyan ya dage cewa wanda ya yi ridda ba ya dawowa, sai dai a bar shi da Allah. Majalisar bishop-bishop da Sifiriyan ya tara a Kartaj a shekarar 251 ta bi hanyar tsakiya. Waɗanda suka sayi takarda za a duba lamarinsu ɗaya bayan ɗaya a karɓe su, waɗanda kuwa suka miƙa hadaya za su ci gaba da tuba har sai mutuwa ta gabato. Ba a daɗe ba aka sassauta wannan ma, saboda fargabar wata sabuwar tsanantawa. Ta haka ikilisiya ta yarda a aikace cewa cikin 'ya'yanta akwai masu manyan laifuffuka, kuma bishop na da ikon sulhunta su.

Sai dai Sifiriyan bai yi sassauci a wani gefe ba. A ganinsa, baftismar da ɗan bidi'a ko ɗan ɓaraka ya yi ba baftisma ba ce, domin wanda ba shi da Ruhu Mai Tsarki ba zai iya bayar da shi ba. A watan Satumba na 256, bishop-bishop 87 suka goyi bayansa a kan a sake yi wa irin waɗannan mutane baftisma, duk da adawar Istifanus, bishop ɗin Rum. An fille kan Sifiriyan a shekarar 258, kuma shahadarsa ta ƙara wa ra'ayinsa ƙima a idon mutanen Afirka.

Rikicin Donatus

Tsanantawar Sarki Diyokiletiyan, wadda ta fara a shekarar 303, ta buƙaci malaman Kirista su miƙa littattafansu masu tsarki a ƙone. Wasu sun miƙa. Da aka zaɓi Sisiliyan a matsayin bishop na Kartaj a wajajen 311, bishop-bishop na Numidiya, wato gabashin Aljeriya, suka ƙi amincewa da shi, suna zargin cewa ɗaya daga cikin waɗanda suka naɗa shi yana cikin masu miƙa littattafan. Suka naɗa nasu, daga baya Donatus ya gaje shi, ƙungiyar kuma ta ɗauki sunansa. Matsayinsu shi ne hannun da ya ƙazantu ba ya wanke wani, saboda haka duk wanda ya zo musu daga ɗaya ɓangaren sai an sake masa baftisma. Majalisar Arles ta 314 ta yanke hukunci a kansu, amma kusan shekara ɗari garuruwa da yawa suna da bishop biyu da majami'a biyu.

Wanda ya fi kowa ƙalubalantar su shi ne Agustin. An haife shi a shekarar 354 a Tagast, wato Suk Aharas ta yau, kuma rayuwarsa ta nuna al'adar jinkirin da aka ambata. Ya ba da labari a littafin ikirarinsa cewa ya kamu da rashin lafiya yana yaro, ya roƙi baftisma, amma da ya samu sauƙi aka ɗage, don gudun kada ƙuruciya ta ɓata ta. Sai a bikin Ista na 387 Bishop Amburos ya yi masa a birnin Milan. Daga baya ya zama bishop na Hifo, wato Annaba ta yanzu.

Agustin ya ce baftisma ta Almasihu ce, mai yin ta ɗan aike ne kawai, don haka halinsa ba ya rage mata komai. Ya kwatanta ta da tambarin da ake yi wa sojan sarki a jiki: ko sojan ya gudu, idan ya dawo ba a sake masa wani tambari. Ita kuma ikilisiya, ya ce masussuka ce, tsaba da ƙaiƙayi suna tare har ranar sheƙa. A taron Kartaj na 411, wanda ya haɗa bishop-bishop fiye da 500 daga ɓangarorin biyu, wakilin sarki, Marsilinus, ya ba ɓangaren Agustin gaskiya. Dokokin tara da ƙwace majami'u suka biyo baya, kuma Agustin ya kare amfani da ƙarfin hukuma a kan abokan hamayyarsa, lamarin da har yau masana ke sukar sa a kai.

Felajiyus da ikon ɗan Adam

Ba a gama da wannan ba sai ga wata sabuwa. Felajiyus, wani malami mai gudun duniya daga tsibirin Birtaniya, ya daɗe yana koyarwa a Rum, inda sakacin Kiristoci masu hannu da shuni ya dame shi. Ya ga mutane suna fakewa da raunin ɗan Adam don su ci gaba da abin da suke so. Koyarwarsa ita ce Allah mai adalci ba ya ɗora wa bawa abin da ba zai iya ba. Tunda an umarci mutum ya kauce wa zunubi, to yana da ikon kaucewa. Zunubi a wurinsa ɗabi'a ce da ake koya, tana taruwa kamar tsatsa a kan ƙarfe, baftisma kuwa tana kankare ta, mutum ya fara sabon shafi. Daga nan ba shi da uzuri.

Lokacin da dakarun Alarik suka afka wa Rum a shekarar 410, Felajiyus da almajirinsa Selestiyus suka tsallako Afirka. Felajiyus ya zarce Falasɗinu, Selestiyus kuwa ya tsaya a Kartaj yana neman a naɗa shi firist. A can aka tuhume shi da koyar da cewa zunubin Adamu shi kaɗai ya cutar, kuma jariri yana zuwa duniya a irin halin da Adamu yake kafin ya yi laifi. Aka hana shi naɗin, aka kuma la'anci koyarwar.

Agustin ya kafa hujjarsa a kan abin da ikilisiya ta riga ta saba yi. Iyaye mata na rugawa da jariransu marasa lafiya a yi musu baftisma domin gafarar zunubi. To wane zunubi jariri ya yi? Amsarsa ita ce zunubin asali, wanda kowa ke gada daga Adamu. Baftisma tana ɗauke alhakinsa gaba ɗaya, amma karkatar zuciya zuwa ga mugunta tana nan, kamar raunin jiki da ke saura bayan zazzaɓi ya sauka. Saboda haka mai bi majinyaci ne da ke murmurewa, kuma kullum yana bukatar alheri. A bakin Kiristoci Hausawa, wannan kalma tana nufin taimakon da Allah ke bayarwa kyauta, ba don bawa ya cancanta ba.

Wani nassi da ya zama fagen dāga shi ne babi na 7 na wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, inda mai magana ke kukan cewa nagartar da yake so ta gagare shi, muguntar da yake ƙi kuwa ita yake aikatawa. Wa ke magana a nan? Ɓangaren Felajiyus ya ce Bulus ya ari bakin wanda bai tuba ba ne. Agustin ma haka ya fahimta a rubuce-rubucensa na farko. Daga baya ya sauya, ya ce Bulus kansa ne ke magana, manzo kuma wanda aka yi wa baftisma, ya kuma bayyana wannan sauyi a littafin da ya yi bitar ayyukansa a ƙarshen rayuwarsa. Idan har manzo na fama da wannan yaƙi, to babu wanda ya tsira daga gare shi.

Hukuncin 418

Shari'ar ta yi ta kai da komo. A watan Disamba na 415, majalisar bishop-bishop 14 a Diyosfolis ta Falasɗinu ta wanke Felajiyus. Bishop-bishop na Afirka suka kai ƙara Rum, Fafaroma Inosan na Ɗaya ya goyi bayansu a farkon 417, amma magajinsa Zosimus ya karkata ga waɗanda ake tuhuma. Sai Sarki Honoriyus ya ba da umarnin korar su daga Rum a ranar 30 ga Afrilu, 418. Kashegari bishop-bishop fiye da 200 suka zauna a Kartaj. Suka zartar cewa jarirai na bukatar baftisma domin gafara, cewa alheri bai tsaya ga yafe laifin baya ba, yana ba da ƙarfin kauce wa na gaba, kuma idan tsarkaka sun roƙi gafara a addu'ar da Almasihu ya koyar, da gaske suke yi, ba don tawali'u kawai ba. Zosimus ya sauya matsayi ya bi sahu.

Wasu bishop-bishop na Italiya sun ƙi sa hannu, aka tuɓe su. Jagoransu, Juliyan na Ekilanum, ya ci gaba da jayayya da Agustin har rasuwar Agustin a shekarar 430, lokacin da Bandalawa ke kewaye da Hifo. Tambayar Juliyan mai nauyi ce: ta yaya Allah mai adalci zai hukunta jariri a kan laifin wani? Agustin ya tsaya a kan cewa jaririn da ya mutu ba baftisma ba ya shiga mulkin Allah, ko da yake hukuncinsa shi ne mafi sauƙi. Majalisar Afisa ta 431 ta tabbatar da hukuncin da aka yanke wa ɓangaren Felajiyus.

Kammalawa

Hukuncin majalisu bai rufe maganar ba. A ƙarni na 16 Martin Luta ya ce karkatar da ke saura bayan baftisma zunubi ce ta haƙiƙa, Allah ne dai ba ya lissafa ta a kan mai bi. Majalisar Tiren ta Katolika ta mayar da martani a shekarar 1546 cewa karkatar tana ingiza mutum ga zunubi, amma ita kanta ba zunubi ba ce. Dukkan ɓangarorin biyu da Agustin suka kafa hujja. A birnin Zurik kuma, a shekarar 1525, wasu suka fara yi wa manya baftisma, suna cewa ta jarirai ba ta da tushe, hukumomin birnin suka nutsar da jagoransu Filikis Manz a kogi a shekarar 1527. Katolika da Lutaran sun sa hannu a kan wata sanarwar haɗin gwiwa a Augsburg a shekarar 1999, amma ko a cikinta kowane ɓangare ya bayyana tasa fahimtar a kan zunubin da ke saura a cikin mai bi.

Ana ganin sawun wannan tarihi a ƙasar Hausa ma. Katolika da Angalika suna yi wa jarirai baftisma, ECWA da Baftis kuwa suna jira sai mutum ya yi hankali ya furta bangaskiyarsa da bakinsa. Ɗalibin da ya san abin da ya gudana tsakanin Kartaj da Hifo zai gane cewa wannan bambanci ya girmi zuwan mishan yankinmu da ɗaruruwan shekaru, kuma babban kaso na hujjojin da kowane ɓangare ke kafawa a nahiyar Afirka aka fara tsara su.