Ibrahim Dasuki: Attajirin Dogon Daji da Ya Zama Sarkin Musulmi

A Dogon Daji aka haifi Ibrahim Dasuki, ranar 31 ga Disamba 1923, a gidan Sarkin Yamma Haliru, hakimin ƙasar. Zuriyar Muhammadu Buhari ce, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, gidan da bai taɓa riƙe sarautar Sarkin Musulmi ba kafinsa.

Ya yi elementare a garinsu, midil a Sakkwato, sannan Kwalejin Kaduna. Daga aikin baitulmalin En'e ya koma Kamfanin Gaskiya na Zariya a 1945. Sardauna ya ja shi a jiki ya zama sakatarensa, ya kula da alhazai a Jidda, har ya kai babban sakatare a gwamnatin Arewa.

Bayan nan ne ya ba da ƙarfi ga kasuwanci. A 1966 ya shugabanci hukumar sayen amfanin gona ta Arewa, wadda ke yanke wa manomi farashin gyaɗa da auduga. Ya kuma riƙe hukumar jiragen ƙasa, masu kwashe buhunan gyaɗar nan zuwa bakin teku. Daga 1979 shi ne shugaban bankin BCCI reshen Nijeriya. Ga dukiya, ga sarautar Baraden Sakkwato, ga muƙamin babban sakataren Jama'atu Nasril Islam. A 1984 gwamnatin soja ta ba shi jagorancin kwamitin duba tsarin ƙananan hukumomi.

Sai dai galibin wannan ɗaukaka a Kaduna da Legas ya same ta, nesa da talakan Sakkwato, kuma a ganina nan matsalar ta faro. Da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya rasu a Nuwamba 1988, jama'a sun sa rai ga ɗansa Muhammadu Macciɗo. Sai aka sanar da naɗin Dasuki, wanda kowa ya san kusancinsa da Janar Babangida. Gari ya yamutse kwana da kwanaki, aka rasa rayuka.

Shekara takwas bai cika a kan gado ba. Ranar 20 ga Afrilu 1996, zamanin Janar Abacha, gwamnan soja Kanar Yakubu Mu'azu ya kira shi ofis, ya shaida masa an tuɓe shi. Dattijo mai shekara 72, ba a bari ya koma fada ba. Aka sa shi a jirgi zuwa Yola, daga can aka tsare shi a jihar Taraba. Aka naɗa Macciɗo.

Ya rasu a Abuja ranar 14 ga Nuwamba 2016, lokacin ɗansa Abdussamad na wakiltar Kebbe da Tambuwal a Majalisar Wakilai.