Ta'awilin Masu Karatu a Kan Ɓoyayyun Alamomin Berserk, 1989 Zuwa 2022

Gabatarwa

Manga shi ne sunan da Japanawa suke kiran labaran da ake bayarwa da zane, waɗanda akan fara bugawa babi-babi a mujallu, sa'an nan a tattara su juzu'i-juzu'i. Daga cikin rassan wannan adabi akwai wanda ya ginu a kan almara mai duhu, watau labaran yaƙi da dodanni da aljanu inda mugunta kan yi rinjaye, tauraro kuma ba ya fita da jikinsa ko hankalinsa lafiya. Masu karatun irin waɗannan labarai sun daɗe da wata al'ada ta bin diddigin sunaye da lambobi da siffofi, bisa imanin cewa bayan zahirin labari akwai baɗini da mai zane ya binne. Wannan maƙala za ta bi tarihin wannan al'ada ta kan littafin Berserk na Kentaro Miura, domin a kansa ne aka ga ta'awilin da mawallafi ya ƙaryata, da wanda ya gaskata, da kuma wanda mutuwarsa ta bari a rataye.

An haifi Miura a Chiba a 1966. Ya fara buga Berserk a 1989 a mujallar Monthly Animal House ta kamfanin Hakusensha, daga 1992 kuma labarin ya koma mujallar Young Animal. Tauraronsa, Guts, sojan haya ne a wata ƙasa mai kama da Turai ta tsakiyar zamani. Ya shiga Rundunar Shaho ƙarƙashin Griffith, mutumin da ya ƙudura sai ya mallaki daula. A ranar wani husufin rana Griffith ya sadaukar da mayaƙansa ga wasu halittu huɗu da labarin ya kira God Hand, ya zama na biyar ɗinsu da sunan Femto. Guts ya tsira, amma ba hannun hagu ba idon dama. Casca, macen da yake so, ita ma ta tsira, amma hankalinta ya gushe.

Asalin al'adar

Cusa tatsuniyoyi da addinan Turai cikin manga ya girmi Miura. Go Nagai, wanda ya fitar da Devilman a 1972, ya sha bayyana cewa zanen da Gustave Doré ya yi wa littafin Dante, wanda ya gani tun yana yaro, shi ne tushen shaiɗanunsa. Amma mayar da bin diddigi ya zama sana'a mai kasuwa ya faro ne a 1992, lokacin da littafin Isono-ke no Nazo, mai tono asiran iyalin labarin Sazae-san, ya yi kasuwa ƙwarai. Daga nan littattafan warware asirai, da Japanawa suke kira nazobon, suka cika kantuna, musamman bayan shirin Evangelion na 1995 zuwa 1996, wanda ya cika da gicciye da sunayen mala'iku. A 2001 Kazuya Tsurumaki, ɗaya daga cikin masu ba da umarni a shirin, ya faɗa wa wani taro a Amurka cewa sun ɗauki alamomin Kirista ne domin shirinsu ya bambanta da sauran, ba don wata ma'ana ta addini ba. Wannan magana ba ta sa an daina ta'awili ba, kuma dama ba a taɓa jin irinta ta sa an daina ba.

Berserk ya tashi a cikin wannan yanayi. Shirin talbijin mai kashi 25 da aka yi a kansa a 1997 zuwa 1998, da fassarar Ingilishi da kamfanin Dark Horse ya fara a 2003, su suka kai shi ga masu karatu na Turai da Amurka. Zuwan waɗannan ya canja al'amarin, domin abin da yake baƙo ga Bajapane su tarihin gidansu ne.

Sunaye da lambobi

Mafi sauƙin aikin shi ne na sunaye. Masu karatu sun lura cewa sunayen God Hand sun yi daidai da na wasu littattafan ƙagen kimiyya na Amurka: Slan na A. E. van Vogt (1940), da Ubik na Philip K. Dick (1969), da Conrad da ke cikin sunan wani labarin Roger Zelazny (1965), da Void da ke cikin sunan wani na Frank Herbert (1966). Femto kuwa ɗafi ne na ma'auni a kimiyya, wanda aka aro daga kalmar goma sha biyar a harshen Denmak. Haka nan daular Kushan ta cikin labarin ta ɗauki sunan wadda ta mulki arewacin Indiya a ƙarni na ɗaya zuwa na uku, sarkinta Ganishka kuma harafi ɗaya ya raba sunansa da na Kanishka. Yarinyar nan matsafiya, Schierke, sunan wani ƙauye ne a gindin dutsen Brocken na Jamus, inda camfin mutanen wurin ya ce mayu suke taruwa. Duk waɗannan ba su da wuyar tabbatarwa. Wuyar tana zuwa ne idan an tambayi abin da aron ya ƙara wa ma'ana. Sunan Schierke ya dace da aikinta, amma wanda ya karanta Ubik tun daga farko har ƙarshe yana neman halin dodon Miura a ciki zai sha wahala kafin ya samu.

Lambar da ta fi jan hankali ita ce 216, watau yawan shekarun da labarin ya ce suna shiga tsakanin wannan husufi da wancan. Wasu suka ce 6 sau 6 sau 6 ke nan, don haka ishara ce ga lambar dabbar nan, 666, da ke sura ta 13 ta littafin Ru'ya ta Yohanna. Wasu suka ce a'a, hisabin taurari ne: tun zamanin Babila an san husufi yana maimaita kansa bayan shekara 18 da kwana 11, sha biyun wannan zagaye kuwa shekara 216 ne da 'yan watanni. Lissafin duka biyu daidai ne, kuma wannan shi ne raunin hisabi a matsayin hujja, domin lamba mai yawan rabuwa kamar 216 ba ta hana kowa abin da ya zo nema. Amfani na uku da aka yi da ita ya fi ƙarfi, saboda bai fita daga matanin ba. In an haifi ɗaya daga cikin God Hand duk shekara 216, kuma Femto ne na biyar, to na farkon ya bayyana shekara 864 kafinsa. Wannan ya kusanci zamanin da labarin ya ba wani sarki Gaiseric, wanda daularsa ta rushe kimanin shekara dubu da suka wuce, wanda kuma aka ce yana sa kwalkwali mai siffar ƙoƙon kai. Daga nan aka gina ra'ayin cewa Gaiseric shi ne Barde Mai Ƙoƙon Kai, wanda ya ceci Guts ranar husufi, Void kuma shi ne wani malami da aka ce sarkin ya azabtar a kurkuku. Sunan kansa aro ne daga sarkin Bandal da ya ci Kartaj a 439, ya washe Rum a 455.

Hannun ƙarfe

Akwai wani barden Jamus, Götz von Berlichingen, wanda ya rayu daga 1480 zuwa 1562. A 1504, wajen kewaye garin Landshut, harbin igwa ya cire masa hannun dama, aka ƙera masa na ƙarfe, ya ci gaba da yaƙin haya. Goethe ya yi wasan kwaikwayo a kansa a 1773. Guts ma sojan haya ne, hannunsa na ƙarfe ne, har da 'yar igwa a ciki, sunayen biyu kuma sun yi kusa a bakin Bajapane. Da wuya a sami manazarcin da zai ga wannan bai yanke hukuncin aro ba. Sai dai Miura ya ce bai san da labarin Götz ba sai bayan da ya riga ya ƙirƙiri Guts, dacewa ce kawai.

Masu karatu suka rabu. Wasu suka karɓa, wasu suka ce ya taɓa ji ya manta. Na ukun suka ce ko da gaskiya ya faɗa kamannin yana nan, kuma mai karatun da ya san Götz ba zai iya cire shi daga kansa ba. Wannan shi ne matsayin da Wimsatt da Beardsley suka kare a 1946, Roland Barthes kuma ya tsananta shi a 1967, cewa niyyar mawallafi ba ita ce alƙalin ma'ana ba. Amma ya kamata a bambanta da'awa biyu da akan cakuɗa. Cewa matani biyu sun yi kama magana ce ta nazari, ba ta bukatar izinin kowa. Cewa wannan ya ɗauko daga wancan magana ce ta tarihi, ita kuwa sai da shaida. Yawancin masu ta'awilin Berserk hujjarsu ta nau'in farko ce, hukuncinsu na nau'i na biyu.

Abin da Miura ya ambata da bakinsa a matsayin tushe ya fi kusa da gida: Fist of the North Star, da ayyukan Go Nagai, da jerin Guin Saga na Kaoru Kurimoto, da manga na 'yan mata irin The Rose of Versailles, da finafinan Rutger Hauer. Dangantakar Guts da Griffith kuwa ya danganta ta da abotarsa da Kouji Mori, wanda suka haɗu da shi a makarantar sakandare.

Babin da aka janye

A 1996 Young Animal ta buga babi na 83. A cikinsa Griffith, yana tsakiyar rikiɗa, ya nutse cikin wani rami inda ya gana da wani abu mai siffar ƙatuwar zuciya. Abin ya bayyana masa cewa shi haifaffen zukatan mutane ne, waɗanda suka nemi dalilin wahalarsu da mutuwarsu, shi ne kuma yake saƙa ƙaddara. Da aka zo tattara juzu'i na 13, Miura ya nemi a cire babin, bisa dalilin cewa ya bayyana tsarin duniyar labarin da wuri, zai kuma ɗaure masa hannu nan gaba.

Babu wani babi da aka gina ta'awili a kansa kamar wannan da aka cire. Daga gare shi aka jawo ra'ayin Carl Jung na ɓoyayyen tunanin da dukan 'yan Adam suka yi tarayya a kai, aka jawo misalan Aflatun, aka jawo Nietzsche da raminsa. Kamannin da Jung a fili yake, ba a bukatar tilasta shi. Matsalar ita ce matsayin babin: mawallafi ya rubuta shi da hannunsa, ya buga, sa'an nan ya janye ba tare da ya ce abin da ke ciki ƙarya ne ba. Masu kafa hujja da shi suna cewa an ɓoye shi ne kawai, masu ƙin sa suna cewa an shafe shi. Ƙarshen babi na 82, wanda ya zauna a juzu'in, ya nuna wannan zuciya a taƙaice, don haka ba wanda zai ce babu ita sam. Abin da ya fita daga littafin shi ne bayanin da ta yi a kan kanta, wanda kuwa shi ne ginshiƙin duk karatun da aka yi da Jung.

Yaron farin wata da abin da ya biyo baya

A juzu'i na 28 wani yaro mai baƙin gashi, wanda ba ya magana, ya bayyana a bakin teku daren da wata ya cika, ya manne wa Casca. Masu karatu suka tara alamu: ba ya zuwa sai a irin wannan dare, yana kare Guts da Casca, kuma an riga an nuna cewa jikin da Griffith ya dawo duniya da shi an gina shi ne da ɗan tayin da Casca ta haifa bayan husufi. Suka ce yaron ɗansu ne, kuma jiki ɗaya suke rabawa da Griffith. An shafe fiye da shekara goma sha biyar ana wannan gardama. Miura ya rasu ran 6 ga Mayu 2021 yana da shekara 54, sakamakon tsagewar babbar jijiyar zuciya. A watan Satumba na shekarar aka buga babi na 364, na ƙarshe da ya zana, wanda mataimakansa suka ƙarasa. A shafukansa na ƙarshe yaron ya rikiɗa ya zama Griffith a gaban Guts, hawaye na zuba a idonsa. Ta'awilin da ya tabbata shi ne wanda bai je Babila ko Jamus neman hujja ba.

A watan Yuni 2022 Hakusensha ta ci gaba da buga labarin, mataimakan Miura na Studio Gaga suna zane, Mori yana lura. Mori ya bayyana cewa kusan shekara talatin da suka wuce Miura ya ba shi labarin har ƙarshensa, ya kuma yi alkawarin ba zai rubuta ba sai abin da ya ji daga bakinsa, abin da bai tuna sosai ba zai bar shi. Ke nan abin da ya fito daga babi na 365 ya dogara ne ƙwarai a kan ruwayar Mori. In wani babi ya ambaci Gaiseric da Void a fili, wanda ra'ayinsa ya dace zai ce Miura ya gaskata shi, wanda nasa ya saɓa kuwa yana da damar cewa Mori ne ya tuna haka. Juzu'i na 41, wanda ya fito a Disamba 2021, shi ne na ƙarshe da ɓangarorin biyu suka yarda a kafa hujja da shi.