Laifin Uba a Wuyan Ɗa: Takunkumin Ƙasashe da Ƙalubalantarsa a Kotu, 1993 zuwa 2025



Ran 30 ga Yuli 1923 ba ta da wani tarihi a wurinmu, amma ranar da ta cika shekara ɗari da ita tana da shi. A ran 30 ga Yuli 2023 shugabannin ƙungiyar ECOWAS suka taru a Abuja, kwana huɗu bayan sojoji sun kifar da Shugaba Mohamed Bazoum, suka ƙaƙaba wa Jamhuriyar Nijar takunkumi. Aka rufe iyakar Illela da Birnin Ƙonni, aka yanke wutar lantarkin da ke zuwa Yamai daga Birnin Kebbi. Mu mutanen Kebbe da Tambuwal mun ji a jikinmu, domin hanyar da ta ratsa Tambuwal daga Jega zuwa Sakkwato hanyar fatake ce. Sai dai abin da wannan takarda za ta duba wani sashe ne na sanarwar wanda bai ja hankalin jama'a ba, watau inda aka hana sojojin tafiya, aka ƙulle dukiyarsu, sa'an nan aka ce hukuncin ya haɗa da iyalansu.

Wannan salo ba baƙo ba ne a Nijeriya. A watan Disamba 1993, bayan soke zaɓen 12 ga Yuni da hawan Janar Sani Abacha, Shugaba Clinton na Amurka ya hana masu kawo cikas ga mulkin farar hula shiga ƙasarsa, su da iyalansu. Bayan rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas ran 10 ga Nuwamba 1995, Tarayyar Turai ta tsananta irin wannan mataki a kan sojoji da 'yan majalisar mulki da iyalansu. Siyasa ce ta ɗaura wannan takunkumi, siyasa kuma ta kwance shi bayan rasuwar Abacha a 1998. Shari'o'in da iyalinsa suka yi daga baya a Suwizalan, inda kotun ƙolin ƙasar ta yarda a 2005 a maido wa Nijeriya dala miliyan 458, magana ce ta kuɗin da aka wawure, don haka ba ta cikin bincikenmu.

A Turai an tsayar da tambayar gaban alƙali. Yassin Kadi, wani attajiri ɗan Saudiyya, an sa sunansa cikin jerin Majalisar Ɗinkin Duniya a 2001 bisa zargin taimaka wa Alƙa'ida. A Satumba 2008 Kotun Tarayyar Turai ta ce ba daidai ba ne a ƙulle dukiyar mutum ba a gaya masa dalili ba, ba a kuma saurare shi ba, ko da umurnin daga Kwamitin Sulhu ya fito. Shekara guda bayan haka Kwamitin ya kafa ofishin sauraren koken waɗanda ke cikin jerin.

Wanda ya fi dacewa da batunmu shi ne hukuncin 13 ga Maris 2012. Pye Phyo Tay Za, ɗan wani hamshaƙin ɗan kasuwa na ƙasar Bama, an ƙulle dukiyarsa ba don wani abu ba sai don mahaifinsa yana cin moriyar gwamnatin soja. Kotun farko ta kori ƙararsa a 2010, tana cewa ana iya ɗauka ɗan attajiri yana cin arzikin ubansa. Babbar kotun ta rushe wannan, ta ce dangantakar jini ita kaɗai ba ta isa hujja ba. A Maris 2023 mahaifiyar Yevgeny Prigozhin, mai sojojin haya na Wagner, ta yi nasara da irin wannan hujja. Duk ɗalibin fiƙihu a ƙasar Sakkwato zai ce ai wannan tsohon karatu ne, domin ƙa'ida ce sananniya cewa ba a kama wani da laifin wani. Gaskiya ne dangi na tara diyyar kisan kuskure, amma wannan ɗaukar nauyi ne don taimakon juna, ba horo ba. Mutanen wannan ƙasa kuwa sun san hukuncin kuɗin goro tun 1906, lokacin da aka shafe garin Satiru baki ɗaya.

To, yaya aka ƙare a tamu kotun? Gwamnatin sojan Nijar, tare da wasu masu ƙara bakwai, ta je Kotun ECOWAS a Abuja tana neman a dakatar da takunkumin. Suna da abin dogara, domin a Maris 2022 kotun ƙungiyar UEMOA ta ba da umurnin dakatar da takunkumin da aka sa wa Mali. Amma ran 7 ga Disamba 2023 kotun Abuja ta ƙi. Ta ce gwamnatin da ta hau ta hanyar juyin mulki ba ta da hurumin tsayawa da sunan ƙasa, sauran masu ƙarar kuma ba su bambance tasu cutar da ta gwamnati ba. Ke nan a bakin ƙofa aka tsaya, ba a shiga zauren maganar iyali ba.

A ganina, kuskuren na dabarar shigar da ƙara ne. Tun 2005 aka buɗe wa ɗaiɗaikun mutane ƙofar wannan kotu a kan haƙƙin ɗan Adam, ba sai sun bi ta kotunan ƙasarsu ba. Ta nan Hadijatou Mani, wadda aka bautar a yankin Ƙonni, ta kayar da gwamnatin Nijar a 2008. Ta nan kuma Bazoum da matarsa da ɗansa suka bi, har kotun ta ba da umurnin a sake su ran 15 ga Disamba 2023, kwana takwas kacal bayan wancan hukunci. Abin lura a nan shi ne sojojin da ke kukan an haɗa da iyalansu, su ma sun tsare matar Bazoum da ɗansa, kuma ba su bi umurnin kotun ba, ko da yake sun saki ɗan a Janairu 2024. Da matar wani hafsa ko ɗansa ya shigar da ƙara da sunan kansa, da kotun ta sami damar faɗin nata matsayi kamar yadda takwararta ta Turai ta yi.

Hakan bai samu ba. Sulhu ne ya ci gaba, irin wanda Janar Abdulsalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar suka fara da zuwa Yamai a Agusta 2023. Ran 24 ga Fabrairu 2024, ana gab da azumi, ECOWAS ta janye mafi yawan takunkumin, har da hana jami'ai da iyalansu tafiya. A lokacin Nijar da Mali da Burkina Faso sun riga sun ba da sanarwar ficewa daga ƙungiyar, ficewar kuma ta tabbata ran 29 ga Janairu 2025.