Dattijon Washington da Japan Ta Riga Amurka Saurara

Mu da ke karatu a yankin Washington, kaɗan ne cikinmu suka san cewa a nan W. Edwards Deming ya zauna har ya rasu a Disambar 1993, yana da shekara 93. Ofishinsa ma a ɗakin ƙasa na gidansa yake. Injiniyan lantarki ne tun asali, shi ya sa nake jinsa kamar ɗan gida.

Ya yi aiki a Hukumar Ƙidaya ta Amurka, inda ya taimaka aka shigar da dabarar ɗibar samfuri a ƙidayar 1940. A 1950 ƙungiyar injiniyoyin Japan, JUSE, ta gayyace shi ya koyar da shugabannin kamfanoni. A 1951 suka kafa lambar yabo da sunansa. Gida kuwa shiru, sai a 1980 da tashar NBC ta nuna shiri a kansa, lokacin motocin Japan sun cika kasuwa. Shekara ta zagayo, Ford ta neme shi.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne wasan duwatsunsa. Akwati ne cike da duwatsun wuya, ɗaya cikin biyar ja, sauran farare. Sai ya kira mutane su zama ma'aikata, ya ba su ludayi mai ramuka 50, ya ce farare kawai yake so. Kowa ya ɗebo, dole ja ya biyo. Wanda ya yi sa'a a yaba masa, wanda ja ya yi wa yawa a yi masa faɗa, daga baya a sallame shi. Alhali fa laifin na akwatin ne, kuma shugaba kaɗai ke da ikon sauya akwati. A lissafinsa, kashi 94 cikin ɗari na matsalolin aiki daga tsari suke fitowa.

To, a duba namu. A 1972 gwamnatin Gowon ta kafa kwamitin Jerome Udoji don gyara aikin gwamnati. Rahoton 1974 ya kawo sabon tsarin matakan albashi da shawarar a riƙa auna aiki da sakamako. Amma tambayi duk wani tsohon ma'aikaci a Kano ko Kaduna, "Udoji" a wurinsa kuɗin ariyas ne, sai babur da rediyo, sai tsadar kaya. A 1975 gwamnatin Murtala, Allah ya jiƙansa, ta sallami ma'aikata sama da 10,000. Ban musa akwai ɓata-gari a ciki ba, kuma jama'a sun yi murna. Sai dai a ganina an zubar da masu ludayi ne aka bar akwatin. Ɗaya daga cikin ƙa'idojin Deming 14 ita ce a raba ma'aikaci da tsoro, don mai fargabar kora ba ya faɗin inda aiki ke yoyo. Waɗanda suka tsira a 1975 sun ga cewa ko babban sakatare zai iya jin korarsa a rediyo.