Ɗauri Ba Kisa Ba Ne: Tarihin Sakin Jinƙai a Amurka da Fursunoni Masu Sauya Jinsi

Gabatarwa

Bahaushe ya ce rai ba a bakin komai yake ba sai ga mai shi. A wannan maƙala za mu waiwayi tarihin wata ƙofa da dokar Amurka ta tanada, wato sakin fursuna saboda jinƙai idan ciwo ya sa ransa cikin haɗari, mu kuma ga yadda ta kasance ga masu sauya jinsi lokacin annobar korona. Masu sauya jinsi su ne waɗanda aka haifa a jinsi ɗaya, suke rayuwa a ɗayan. Ba mu zo don tattauna ra'ayin kowa game da su ba. Tambayarmu ita ce: wanda alƙali ya ɗaure shekara biyar, ya halatta kurkuku ta mayar da hukuncin nasa kisa?

Tushen Al'amarin

A shekarar 1973 dilar auduga ta faɗo wa wani fursuna mai suna Gamble a jihar Texas, ya kai ƙara cewa ba a kula da jinyarsa ba. A 1976 Kotun Ƙoli ta kafa ƙa'idar cewa yin biris da gangan ga ciwo mai tsanani na ɗaurarre azaba ce da tsarin mulki ya haramta. Dalili kuwa a fili yake: wanda aka kulle ba ya iya neman likita da ƙafarsa.

Ƙa'idar ta faɗaɗa ta hannun Dee Farmer, mai sauya jinsi da ke rayuwa a matsayin mace. A 1989 aka mayar da ita kurkukun maza na Terre Haute a jihar Indiana, inda ta ce an yi mata duka da fyaɗe ba da jimawa ba. A 1994 Kotun Ƙoli ta ce jami'in da ya san akwai babban haɗari a kan fursuna, ya kau da kai, yana iya ɗaukar alhaki.

Shi kuwa sakin jinƙai, dokar 1984 ta tanade shi, amma ta damƙa mabuɗin ga hukumar gidajen yarin tarayya, ita kaɗai ke da ikon kai buƙatar gaban alƙali. Da wuya ta kai. Sai a Disamba 2018 wata sabuwar doka ta ba fursuna damar zuwa kotu da kansa, kwana 30 bayan ya miƙa roƙonsa ga shugaban gidan yari.

Zuwan Annoba

Ranar 25 ga Maris 2020 Michelle Bachelet, shugabar hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya a lokacin, ta roƙi gwamnatoci su rage cunkoso, su saki tsofaffi da marasa lafiya. Kwana uku bayan haka korona ta kashe fursunan tarayya na farko a Oakdale, jihar Louisiana. Daga Maris zuwa Mayu fursunoni 10,940 suka nemi sakin jinƙai; shugabannin gidajen yari suka amince da 156 kacal. Da ba don gyaran 2018 ba, da nan zance ya ƙare. Yawancin waɗanda suka fita, alƙalai ne suka sake su.

A nan masu sauya jinsi suka shiga tsaka mai wuya. Na farko, ciwo ya yi musu yawa. Binciken da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar a 2021, a birane bakwai, ya samu kashi 42 cikin ɗari na masu rayuwa a matsayin mata ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. Na biyu, hanyar da gandirobobi suka saba bi don kare su ita ce kulle mutum shi kaɗai, kuma irin wannan ɗakin aka mayar wurin killace masu korona. Haɗarinsa kuwa an riga an gani: a Yuni 2019 Layleen Polanco, mai shekara 27, ta mutu da farfaɗiya a ɗakin kaɗaici a tsibirin Rikers na New York, tana tsare saboda ta kasa biyan belin dala 500. Ke nan cikin jama'a akwai duka da cuta, a keɓe kuma babu mai jin kukanka. Gaba kura, baya sayaki.

Duk da haka sauya jinsi shi kaɗai bai zama hujjar saki ba. Alƙalai sun duba takardun asibiti, suka auna su da girman laifi da abin da ya rage na wa'adi. Wanda ya samu lauya da cikakkiyar shaidar likita ya fi kusa da ƙofa. Bugu da ƙari, dokar 2018 ta fursunonin tarayya ce, alhali mafi yawan ɗaurarru suna hannun jihohi, kowace da nata tsarin.

Kammalawa

Annobar ta bar alama a doka. Daga Nuwamba 2023 hukumar tsara hukunce-hukunce ta ƙasar ta sanya ɓarkewar cuta mai yaɗuwa, da cin zarafin fursuna daga hannun ma'aikaci, cikin dalilan da za a iya rage wa'adi saboda su. Daga dilar audugar Gamble zuwa wannan gyara shekara 50 ke nan, kuma kusan kowane taki sai da wani ya jikkata ko ya rasa rai. Abin da muka fahimta shi ne, jinƙan da aka rubuta a takarda ba ya amfani muddin mabuɗinsa na hannun mai gadin ƙofa shi kaɗai. Kuma ba a gane gaskiyar doka a kan wanda jama'a ke so; ana gane ta ne ranar da wanda ba shi da kowa ya ƙwanƙwasa.