Yadda Waƙa Ta Zama Littafin Matan Karkara

Da ƙurar jihadin Shehu Usmanu ta lafa, ƙasar Sakkwato ta cika da matan Gobir da Kabi da Zamfara waɗanda yaƙi ya raba da garuruwansu. Da yawansu bori suka tashi suka tarar, kuma Hausa suke ji, alhali littattafan Shehu Usmanu galibi da Larabci suke, waƙoƙinsa kuma da Fulatanci. Ribaɗin Tambuwal, wanda Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya riƙe a wannan yanki namu na su Dogon Daji, ya tsare iyakar kudu. Amma mashi ba ya koyar da alwala.

Nana Asma'u, 'yar Shehu kuma matar Waziri Giɗaɗo, wadda aka haifa a Degel a 1793, ita ta ɗauki nauyin koyar da waɗannan mata. Ta san matar aure a ƙauye ba za ta bar daka da raino ta zauna gaban malami ba, sai ta mayar da karatun baitoci gajeru da za a haddace. Waƙarta Sunago ta jero sunayen surori 114 na Alƙur'ani. Waƙar Gewaye, wadda ta tsara da Fulatanci, ƙanenta Isa ya mayar da ita Hausa, ta bi sawun Shehu tun hijirar Gudu a 1804 har faɗuwar Alƙalawa a 1808 da zaman Sifawa. Wata kuma ta kawo labarin mata salihai, daga matan Annabi (SAW) har zuwa na gidansu.

Masu kai saƙon su ne jajoji. Dattijuwa ce ake zaɓa, Nana ta ɗora mata malfa ta naɗa mata jan rawani. A nan basirarta ta fi burge ni, domin malfa alama ce da aka san Innar Gobir, uwar 'yan bori, da ita. Nana ba ta ƙona ta ba, ma'anarta ta sauya. Jaji kan taso a ƙafa da tsofaffi da 'yan mata, ɗauke da sadakar hatsi da zuma da man shanu, su karɓi darasi, su koma su rera wa matan kulle. Su ake kira 'Yan Taru.

Nana ta rasu a 1864, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin. A 1997 Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara rubuce-rubucenta a littafi guda a Amurka. Ya kamata makarantun Islamiyyar matanmu su nemo waɗannan waƙoƙi su saka cikin darasi.