Daga Lambar Agana Zuwa Ƙugiyar Ƙwayar T

Dattawan Gaya da Ajingi na ɗauke da tabon lamba a damtse, shaidar yaƙin da ya kawar da agana daga Nijeriya a 1970. Amma masu lambar ba su san dukan asirinta ba. A 1961 Jacques Miller ya nuna, a jikin ɓeraye, cewa taimos, wata tsoka bayan ƙashin ƙirji, ita ke renon ƙwayoyin tsaron jiki, waɗanda daga baya aka kira T. Sai 1984 aka gano asalin ƙugiyar da suke gane cuta da ita. Siffar ƙugiyar ke yanke hukunci a taimos: ƙwayar da ta kasa kama komai ta mutu, wadda ta damƙi naman jikin mai ita a kashe ta. Fiye da kashi 90 cikin ɗari can suke ƙarewa; 'yan ragowar nan lamba ke horarwa.